Kwanon da Yalwa Ke Kai wa Seyni

Yalwa ba haifaffiyar Gaya ba ce. A wani ƙauye can wajen Gecheme aka haife ta, a gidan Kirista, mahaifinta manomi ne kuma dattijo a ƴar majami'ar garinsu. Aure ne ya kawo ta bakin kogi tana da shekara goma sha tara. Mijinta Zakariya mai facin taya ne, yana da rumfa kusa da inda manyan motocin kamiyo ke jeruwa suna jiran duwan, wato kwastan, ta sallame su su haye gada zuwa Malanbil ta ƙasar Benin. Shi mutum ne mai yawan dariya, ita kuwa ba ta magana sai ta zama dole. Sun haifi ƴaƴa uku, biyu suka koma tun suna goye, ta ukun ce ta tsaya, aka sa mata suna Rahila. Yarinyar na da shekara shida ciwon hanta ya kwantar da Zakariya, damina ɗaya ya yi yana jinya ya rasu.

Danginta sun so ta tattara ta koma gida, ta ƙi. Ta ce yarinya ta riga ta fara lakwal, wato makarantar boko, kuma kabarin mijinta a nan yake. Sai ta share rumfar facin, ta kafa murhu uku, ta fara sayar da abinci: shinkafa da wake da safe, da rana tuwo da miyar kuɓewa, ga soyayyen kifi a faranti. Direbobi suka san ta a kan abu biyu, tsabta da rashin hira. Ranar Lahadi ba ta ɗora tukunya. Takan ɗaura zanenta na zumuntar mata, ta kama hannun Rahila su tafi majami'a, wani ɗaki mai rufin kwano a bayan gari inda masu sujada ba su wuce hamsin ba, rabinsu ma ƴan Benin da Togo ne da neman abinci ya kawo. Ana wa'azi da Faransanci, wani ya juya da Hausa.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da na Seyni. Shi Badende ne, masunci tun kakanni, Musulmi, Hausarsa irin ta kasuwa. Ranar da Zakariya ya cika shi ya fara shigowa gidan, har ya bi maza ya taya haƙan kabari. Kifin da Yalwa ke soyawa daga jirginsa yake fitowa, kuma kullum sai ya ware ƴan ƙanana ya ce na Rahila ne. Yana kiran Yalwa Maman Rahila, ita kuma tana kiransa Baba Seyni kamar yadda yarinyar ke yi. Matarsa ta rasu da daɗewa, ɗansa ɗaya Abdulmalik yana Kwatano yana aikin dako a tashar jiragen ruwa, ƙanwarsa kuma tana aure a Tanda. Haka suka zauna kusan shekara ashirin, ko sa-in-sa ba su taɓa yi ba.

Rahila ta girma ta ɗauko dariyar ubanta. Ta yi lakwal har kolej, sannan ta koyi ɗinki wurin wata mata a Malanbil. Da ta ƙware Yalwa ta saya mata keke, ta riƙa ɗinki a tsakar gida, amma ba ta mako ba ta haye ta sayo yadi da zare ba.

A daminar da hukuma ta rufe iyaka da gada, abubuwa suka birkice wa mutanen Gaya. Kamiyo suka tsaya cik, masu dako suka rasa aiki, amma mutane ba su daina bukatar hayewa ba, sai kowa ya koma bakin ruwa. Duk mai jirgi ya zama mai fito. Seyni ma ya rataye tarunsa, ya ɗaura wa jirginsa inji, ya shiga jigilar mutane da kaya. Bai taɓa ganin ciniki irin na watannin nan ba.

Wata Talata Rahila ta haye da safe ta karɓo yadin wata amarya da take wa ɗinki. Tana da shekara ashirin da uku. Da la'asar ta zo komowa ta tarar da jirgin Seyni ya yi lodi, buhunan shinkafa, jarkokin mai, babur biyu, ga mutane a kan kayan, har ruwa na lasar bakin jirgin. Kogi kuma a cike yake. Sun kai tsakiya wani babban jirgi ya wuce su, igiyar ruwansa ta bugi nasu, ya karkata, baburan suka zame gefe guda, ya kife. Mutum shida suka tafi. Sai bayan kwana biyu masunta suka ga Rahila can ƙasa da gari, maƙale cikin ciyawar bakin ruwa.

A wurin zaman makoki wata mata da ta tsira daga jirgin ta zo gaisuwa. Cikin kuka, ba tare da ta auna abin da take faɗa ba, ta gaya wa Yalwa cewa Rahila da ta ga lodin ta ja da baya, ta ce za ta jira wani jirgin. Seyni ne ya miƙo mata hannu ya ce, "Shigo, ɗiyata, akwai wuri. Mamanki na jiranki." Yalwa ta saurara har matar ta gama, ta yi mata godiya da zuwa. Daga ranar nan wannan magana ba ta sake barin kunnenta ba.

Seyni bai mutu ba. Ɗaya daga cikin baburan ya danne masa ƙafa ya farfasa ƙashin. Jandarma suka tsare shi a gadon asibiti, aka yi bincike, daga baya aka kai shi Dosso aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Wata biyar ya yi ba ya gari. Abdulmalik ne ya dawo da shi, ya kwana huɗu, ya ce in bai koma ba zai rasa wurin aikinsa, ya tafi. Mutanen unguwa ba su kori Seyni ba, amma ba mai zama a ƙofarsa, don biyu daga cikin waɗanda suka nutse ƴan unguwar ne. Adama, matar mai shayin da ke kallon gidansu, ita ce ke aika masa da abin da ya samu, to ita ma bakuna takwas take ciyarwa, wata rana a samu, wata rana babu.

Yalwa tana jinsa ta bayan katanga. Tana jin ƙwanƙwasar sandarsa, tana jin tarinsa, tana jin yadda yake jan jiki zuwa bayan gida. Wata rana da azahar ta dawo ɗaukar itace, ta ji faɗuwar abu mai nauyi da fashewar tulu, sai shiru. Bai kira kowa ba. Ta tsaya riƙe da itacen, ta daɗe a tsaye. A ranta ba abin da take so kamar ta koma rumfa ta bar shi a nan. Amma tun tana ƙarama mahaifinta ya dasa mata cewa mai bin Almasihu ba ya tsallake mutum a ƙasa, ko da maƙiyinsa ne, kuma wannan ba shawara ba ce, umarni ne. Ta ajiye itacen ta zagaya.

Ta same shi kwance cikin caɓi, ya rame har ba ta so ta gane shi ba, dungulmin ƙafar yana wari. Ta kama shi ta zaunar a tabarma, ta share tsakar gidan, ta kawo tulu daga nata gidan ta cika masa. Shi kuwa bai ɗago kai ba. Da yamma ta zuba tuwo a kwano ta kai ta ajiye a gabansa.

Abin da ya fara ke nan, kuma ya ɗauki shekara da wata huɗu. Da safe kafin ta fita takan kai masa koko, da rana ta rufe tukwane ta kawo masa abinci da ƙafarta, da yamma ta sake. Ran Asabar ta kwashe tufafinsa ta wanke. Ta je wurin wata malamar asibiti da suke majami'a ɗaya ta koyi yadda ake wanke miki da ɗaure shi, ta riƙa yi masa kowane kwana biyu har wurin ya kame. Ba ta fashi, ko ranar da zazzaɓi ya kama ta. Amma ba ta duban fuskarsa. Takan yi sallama a ƙofa kamar yadda ake yi wa kowane gida, ta ajiye kwano, ta ɗauki na jiya, ta fita. In ya yi godiya sai ta ce ba komai, idonta na kan ƙasa.

Labari ya bazu. Matan unguwa suka riƙa nuna ta, direbobin da suka rage suna ba juna labarinta a rumfa. Adama ta ce mata ita dai ba ta taɓa ganin mai zuciya irin tata ba, Allah kaɗai zai biya ta. A majami'a kuwa abin ya fi haka. Fasto Na'Allah, matashi ne da bai daɗe da zuwa daga Maradi ba, wata Lahadi yana wa'azi a kan ƙauna sai ya ce ba sai an je nesa neman misali ba, ga shi nan zaune a cikinsu. Bai kira suna ba, amma kowa ya waiwayo. Wata ƴar Togo da ke kusa da ita ta kama hannunta tana hawaye. Yalwa ta ji kamar an kama ta da kayan sata.

Ita kaɗai ta san abin da ke cikinta. In ta tunkari ƙofar Seyni da kwano, ƙirjinta yakan yi nauyi kamar an aza mata dutse. Warin ɗakinsa na tayar mata da zuciya, ƙarar taunarsa na ba ta haushi. Abin da ya fi tsorata ta shi ne lokacin wankin miki: in ta zuba magani ya ja numfashi don zafi, wani ɗan sanyi yakan ratsa ta, kamar an biya ta wani abu kaɗan. Ba ta taɓa danna wurin da gangan ba, hannunta a hankali yake aiki, amma ta san daɗin da take ji. Ta yi addu'a a kan wannan har ta gaji. Ta yi azumi. Ta gwada tuna Seyni na da, mai ware wa yarinya ƙananan kifi, sai tunanin ya ƙara mata zafi, don hannun da yake miƙo kifin ne ya miƙo ya jawo ta cikin jirgi.

Sai ta daina cin jibin Ubangiji. In an zo zagayawa da gurasa da ƙoƙo takan sunkuyar da kai ta bari a wuce. Wata uku a jere tana haka, Fasto ya lura, ya zo ya same ta a rumfa bayan cinikin rana ya lafa. Ya zauna a benci, ya tambaye ta ko wani ya ɓata mata rai a cikin jama'a. Ta ce a'a. Ta ci gaba da kankare tukunya, can ta ajiye ta.

"Fasto, ka daina ba da misali da ni. Abin da kuke gani hannuna ne kawai. Ni ba na ƙaunar mutumin nan. Da za a ce mini ya mutu yau, ban san ko zan ji wani abu ba in ba sauƙi ba."

Fasto ya yi mata bayani a natse. Ya ce ba a umarce mu da abin da ba mu da iko a kansa ba. Mutum ba ya iya ce wa zuciyarsa ji kaza ta ji, amma yana iya ɗaga ƙafa ya kai abinci, kuma wannan ɗin shi ne ƙaunar da ake nema. Ya ce wanda ya yi alheri ga wanda ransa ke so bai yi wani abin mamaki ba, nata ya fi wuya, don haka ya fi daraja. Ya ƙara da cewa in ta daure, wata rana zuciyar za ta biyo hannun.

Yalwa ta tambaye shi, in haka ne, ita ma haka Allah yake ƙaunarta? Yana ba ta ci da sha da lafiya, amma in ya dube ta ransa na ƙyamarta? Ta ce in haka ne, ita ba ta ga abin murna a ciki ba. Fasto mutum ne mai gaskiya, bai yi mata kwana-kwana ba. Ya ce a'a, ba haka Allah yake ƙauna ba, kuma ba shi da amsar da za ta ishe ta a yau. Ya yi mata addu'a ya tafi. Bai sake kawo zancenta a wa'azi ba.

Da ta ba Adama labarin sama-sama, Adama ta ce ita ba ta ga abin wahalar da kai ba. Cikin mutumin ya cika ko bai cika ba? Mikinsa ya warke ko bai warke ba? Ta ce akwai masu zuwa su yi ta kuka a kan mara lafiya su tafi ba su ba shi ko ruwa ba, ita ta fi son irin Yalwa sau dubu. Yalwa ta ji maganar, ta kuma san akwai gaskiya a ciki, amma ba ta sauke mata komai ba.

Wanda ya fi kowa fahimtar halin da take ciki shi ne Seyni. Wata rana cikin bazara ta kawo abincin rana ta tarar da kokon safe yana nan bai taɓa ba. Ta ɗauka ta ajiye sabon kwano, ta juya za ta fita, ya yi magana. Tun dawowarsa bai taɓa kiranta da kowane suna ba, don sunan da ya saba kiranta da shi ba ya faɗuwa kuma.

"Maƙwabciya, tsaya. Shekara guda ke nan kina ciyar da ni, ba ki taɓa duba na ba. Ki zage ni. Ki ɗauki sandar nan ki buge ni. Wallahi zai fi mini sauƙi a kan kwanon nan."

Ta ce ba ta zo zagi ba, ya ci abincinsa kafin ya huce.

"Ina ci ne don yunwa," ya ce. "Amma kowace loma sai na ji ta tsaya mini a nan. Don Allahnki kike yi, na sani, ba don ni ba. Ni kamar wata gona ce da kike nomawa."

Maganar ta soke ta, don ba ta da abin da za ta musa. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ba shi baya. Shi kuwa da ya fara sai ya kasa tsayawa. Ya ce akwai abin da bai gaya wa jandarma ba, bai gaya wa ɗansa ba. Lokacin da jirgi ya kife ya ga Rahila kusa da shi, ya kamo ta a wuyan hannu, ya riƙe. Sai wani mutum ya taso daga ƙasa ya shaƙe shi ta baya, ga ƙafa a karye, ruwa ya fara shiga masa hanci. Ya ce ba ƙwacewa ta yi ba, shi ya buɗe hannunsa. Ya ce yana so ta sani, don kada ta ci gaba da wahala a kan wanda ba ta san iyakar laifinsa ba.

Yalwa ba ta tuna yadda ta koma rumfa ba. Ta zauna a gaban murhu har wutar ta mutu, masu sayen abinci suna zuwa suna komawa. Da yamma ba ta kai kwano ba, karo na farko ke nan. Washegari ta dama koko, ta zuba nata, ta tsaya tana duban ragowar a tukunya. Ba wanda zai zarge ta in ta bari. Ba ta ji tausayi ba, ba ta ji an yi mata wata magana daga sama ba. Abin da ta sani kawai shi ne akwai mutum a bayan katanga da bai ci komai ba tun jiya da rana. Ta zuba ta kai. Da ya ga ta shigo sai ya rufe fuska da hannu biyu ya yi ta kuka, ita kuma ta ajiye ta ɗauki kwanon jiya ta fita.

Sau ɗaya ne wani abu ya motsa a ranta. Bayan wannan da ƴan makonni ta shigo da azahar ta same shi yana ƙoƙarin alwala. Hannunsa ya fara rawa a lokacin, butar ta kuɓuce ta zube, ya bi ta da ido kamar yaron da aka ƙwace wa abu. Ta ɗauki butar ta cika, ta durƙusa ta riƙa zuba masa yana wankewa. Da ya zo ƙafa ya wanke ɗayar, sannan hannunsa ya tafi neman ta biyun, ya tsaya a iska. A nan ta dube shi, ta ga tsoho ne kawai, furfura ta cinye masa kai, wuyansa duk jijiya. Sai abin ya motsa a ranta. Ta koma gida da sauri tana cewa a ranta ko wannan ne abin da Fasto ya ce zai zo. Amma da safe da ta tunkari ƙofarsa nauyin nan na nan yadda yake. Ta jira abin ya dawo, bai dawo ba. Har yau ba ta san ko tausayinsa ta ji ranar ba, ko kuwa gajiyarta ce ta taso.

Da damina ta kusa, Seyni ya sa Adama ta kira masa ƙanwarsa ta waya, ya ce ta zo ta ɗauke shi. Adama ta yi ta ba shi baki, ta ce a Tanda wa zai kula da shi kamar nan, gidan ƙanwar tasa ma da ƙyar suke ci sau biyu. Ya ce ya sani. Ranar tafiya aka kawo adaidaita har ƙofar gida, aka ɗora tabarmarsa da buhun tufafi. Yalwa ta fito da kayansa da ta wanke ta ninke, ta miƙa wa ƙanwar, ta nuna mata yadda ake shafa magani a dungulmin in ya yi ja. An ɗaga shi an zaunar, sai ya ce a dakata.

"Maman Rahila," ya ce, "ki yafe mini."

Mutane sun taru, kowa ya zuba mata ido. Ta ce, "Na yafe, Baba Seyni. Allah ya kiyaye hanya." Ba ƙarya ta yi ba, don ba ta nufinsa da sharri, ba ta kuma neman komai a wurinsa. Amma ta ga yadda ya dube ta yana neman wani abu a fuskarta, ta kuma ga lokacin da ya gane babu. Ya gyaɗa kai, mai adaidaita ya ja.

Wata uku ya yi a Tanda ya rasu. Adama ce ta kawo labarin rumfa, Yalwa na tsame kifi daga mai. Ta ce Allah ya ji ƙansa, ta ƙarasa tsamewa don kada ya ƙone. Ba ta yi kuka ba. Sauƙin da ta zaci za ta ji shi ma bai zo ba.

Ran uku suka shiga mota ita da Adama suka je gaisuwa. Matan gidan Dendanci suke yi, ba ta jin komai sai sunanta da ke fitowa jefi-jefi. Ƙanwar Seyni ta jawo ta gefe ta riƙe hannayenta biyu, ta ce da Hausa yayanta bai yi kwana ɗaya bai ambace ta ba. Ya ce ba wanda ya taɓa yi masa abin da ta yi masa, ko uwar da ta haife shi. Sannan ta ce ya kuma ce a nan Tanda ne ya fara cin abinci yana wuce masa, ko da gaya ne ba miya. Matar ba ta ga wani abu a maganar ba, ta ɗauka santin gida ne irin na tsofaffi. Yalwa ta ce Allah ya ba su haƙuri.

A hanyar komowa Adama ta yi ta hira a kan gonakin shinkafa da tsadar taki, Yalwa na duban waje. Da suka sauka a tasha ta ce Adama ta wuce, ita za ta biya majami'a. Ta sami Fasto Na'Allah yana gyaran wani benci da ya karye, ta gaya masa abin da ƙanwar ta ce, duka biyun. Ya ajiye guduma ya ce shi a ganinsa ta yi abin da aka umarce ta, sauran kuma sai ta bar wa wanda ya fi ta sanin zuciyarta, ya roƙe ta ta dawo cin jibi. Ta ce za ta duba.

Yanzu Yalwa ta ba hamsin baya. Tana nan a rumfarta, ko da yake murhu ɗaya take kunnawa, ciniki bai koma yadda yake ba. Abdulmalik ya sayar da gidan ubansa, wasu ƴan Yelu masu sayar da albasa suka shiga, suna da yara da yawa, katangar ba ta shiru. Ran Lahadi tana zuwa sujada, tana zama a layin baya kusa da taga. Wani watan in an zagayo da gurasa takan miƙa hannu, wani watan ta bari a wuce, kuma Fasto ya daina tambayarta dalili.